Na Gano Kuskure a Aikin Wanda Ya Samo Mini Aiki

Assalamu alaikum Anti. Ina aiki da wata ƙungiya da ke tattara bayanan riga-kafin yara gida-gida. Watana bakwai da farawa, kuma abokin yayana ne ya samo mini aikin. Shi ne shugaban sashenmu, shi ya koya mini kusan duk abin da na iya, Yaya nake ce masa. Ma'aikatanmu na fili suna cike fom a waya, bayanan su iso mana a fayilolin XML (wani tsarin adana bayanai a kwamfuta), sai wani ɗan shirin kwamfuta da Yaya ya rubuta da yaren Python da lxml (kayan karanta XML a Python) shekara biyu da suka wuce ya karanta su ya fitar da rahoto: wane yaro ne bai samu ba, a wane gida yake.

A watan jiya aka ba wasu mata biyu sabon fom su gwada. A tsohon fom, gida ɗaya fayil ɗaya ne. A sabon kuwa, gidajen layi guda duk fayil ɗaya suke shiga. Da rahoto ya fito, sai aka ga a kowane layin da suka yi, duk yaran da ba su samu ba a gidan farko suke, wani gidan har yara 19. Yaya ya ce ai inuwa suka samu suka zauna suka cike fom da ka. An riƙe alawus ɗinsu, an ce ma za a sallame su.

Na buɗe fayil ɗin da kaina, na tarar kowane yaro yana ƙarƙashin gidansa. Na duba shirin, na ga yana bin yara ɗaya bayan ɗaya, a kan kowane yaro sai ya nemi lambar gida da `//gida/lamba` ya ɗauki ta farko. Zuciyata na ce mini nan matsalar take, amma wace ce ni da zan gyara wa Yaya aiki? Kwana tara ke nan ba na barcin kirki. In na faɗa masa, ina tsoron ya ce na raina shi, magana ta kai gida. In na kai wa manaja, na ci amanarsa. Na yi tunanin in gyara a ɓoye. Ɗaya daga cikin matan ta kira ni tana kuka. Ƙawata ta ce in bar kaza cikin gashinta. Anti, yaya zan yi?

Ƙanwarki.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukar ki: idan shirin yana nan yadda kika kwatanta, idonki bai yaudare ki ba. Wannan layin na cikin shirin, mai `//gida/lamba`, shi ne ya jawo komai, kuma matan nan ba su yi laifin da aka ɗora musu ba. Zan tsaya in warware miki dalilin dalla-dalla, domin rabin tsoron da ke hana ki barci rashin tabbas ne. Wadda ta san abin da ta gani ba ta shiga ofis muryarta na rawa, ba ta kuma shiga da faɗa.

Fayil ɗin XML tamkar zuri'a yake. Akwai tushe guda ɗaya a sama, a naku layi ne. A cikin layi akwai gidaje, a cikin kowane gida akwai lambarsa da yaransa, a cikin kowane yaro akwai shekarunsa da amsar riga-kafi. Masu wannan sana'a ma da sunayen dangi suke kiran abin: wanda ya ƙunshi wani kai tsaye uwarsa ce, na cikin ɗa ne, na can ƙasa jikoki, na can sama kakanni. Yaren da ake bi a nemo su shi ne XPath, wanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar a watan Nuwamba na 1999, shekara guda da wata tara bayan XML kansa, wanda ya fito a Fabrairun 1998. An yi masa sababbin zubi daga baya, na 2.0 a 2007, na 3.1 a 2017, amma lxml ɗin da kuke aiki da shi na farkon nan yake ji, wato 1.0.

Abin da ya kamata ki riƙe game da XPath shi ne kowace tambaya tana da inda take tsaye kafin ta fara tafiya. Idan hanyar ta fara da suna ko da ɗigo, daga inda kike tsaye za ta tashi. Idan kuwa ta fara da karkatacciyar sandar nan (`/`), ɗaya ko biyu, to ta bar ki inda kike ta koma can tushen fayil. Sanda biyu na nufin a koma tushe, a bi ko'ina, a kwaso duk mai wannan suna komai zurfinsa. Ki ɗauka kin shiga gida na bakwai a layi, ga yaro a gabanki, kina son lambar gidansu. Maimakon ki ɗaga kai ki duba ƙofa, sai kika fita bakin titi kika sa aka kira miki lambobin gidajen layin kaf, kika rubuta wadda aka fara faɗa. Kika shiga gida na takwas, kika sake fita bakin titi. Abin da shirin ke yi ke nan a kan kowane yaro, shi ya sa gidan farko ya tara yara 19.

Yanzu ki duba abin da zai sa ki yi wa Yaya adalci. Lokacin da ya rubuta layin nan, gida ɗaya ne a kowane fayil. Ko ka fita bakin titi ko ka duba ƙofa, lamba ɗaya za ka samu. Shekara biyu shirin na ba da amsa daidai, ba don tambayar daidai take ba, sai don babu gida na biyu da zai tona mata asiri. Fom ne ya sauya, ba a koma an duba shirin ba. Wannan kuskure ne da ƙwararru ke faɗawa cikinsa kullum, a yarukan Python da C# da Java duka. Ni kaina na taɓa yin irinsa a wani aikin lissafin kaya, na kwana biyu ina zargin wanda ya turo mini fayil, ashe ɗigo ɗaya na manta. Abin ban haushi ma, da ElementTree, kayan karanta XML da ke zuwa tare da Python, ya yi amfani, da shirin ya ƙi karɓar hanyar da ta fara da sanda a kan ɗa, ya tsaya ya yi ƙorafi. Shi lxml ba ya musu, yana yin abin da aka ce masa ne tsaf.

Gyaran bai kai layi guda ba. Ɗigo biyu na nufin uwa, don haka `../lamba` na cewa a hau wurin uwar yaron nan a sauko kan lambarta. Kina iya rubuta shi da cikakken suna, `parent::gida/lamba`, wanda ya ɗan fi tsaro don ya ce uwar dole gida ce. Sai dai ni da zan zaɓa, `ancestor::gida[1]/lamba` zan rubuta, ga dalili. Irin waɗannan fom na waya, na ODK ko KoboToolbox, duk sanda mai tsara fom ya tara tambayoyi a rukuni ɗaya, rukunin yakan zama wani hawa na daban a cikin fayil. Gobe wani ya sa yara cikin rukuni, uwar yaro ta tashi daga gida ta koma rukunin, ɗigo biyu su dawo hannu rabbana. Ita kuwa hanyar kakanni hawa take yi har sai ta tarar da gida, kuma a wannan hanya ƙirga daga kusa yake farawa, don haka 1 ɗin nan gidan da ya fi kusa da yaron ne.

Akwai kuma wadda ta fi duk waɗannan tsabta: a juya zagayen gaba ɗaya. A bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki lambar kowanne, sannan a sauko kan yaransa da `yaro` idan 'ya'yansa ne kai tsaye, ko `.//yaro` idan akwai hawa a tsakani. Ki lura da ɗigon da ke gaban sandunan. Shi ne ke cewa daga nan inda nake. Ki cire shi, kowane gida ya mallaki yaran layin duka. Saukowa daga uwa zuwa ɗa ta fi hawa daga ɗa zuwa uwa wuyar ɓata, amma wannan babban gyara ne, kada ki shiga da shi ranar farko. Ki bari sai ƙura ta lafa.

Kafin ki buɗe baki da kowa, ki yi wa kanki hujjar da za ta shiga allo ɗaya. Ki ƙirƙiri ɗan fayil da hannunki, gida uku, lambobi 101 da 102 da 103, yara biyu a na farko, ɗaya a na biyu, uku a na uku, duk ba su samu ba, da sunayen ƙarya. Ki ba shirin yadda yake, za ki ga yara shida duk a 101. Ki kwafi shirin gefe, ki sauya layin nan kaɗai, ki sake ba shi: biyu, ɗaya, uku. Sannan ki gwada wanda kika gyara a kan tsofaffin fayiloli masu gida ɗaya, ki tabbata amsarsu ba ta motsa ba, don wannan ce tambayar farko da duk mai hankali zai yi miki. Idan kwamfutarki na da xmllint, ɗan shirin duba fayilolin XML, `count(//gida)` da `count(//yaro)` za su ba ki adadi ba tare da kin taɓa shirin ba. Za ki lura jimillar yara a rahoton daidai take, rabon su ga gidaje ne ya karkace. Wannan labari ne mai daɗi ga Yaya, ki ajiye masa shi.

Tunda kin riga kin buɗe shirin, ki leƙa wasu ramuka biyu da ke kusa. Na farko, `//gida[yaro/rigakafi != 'eh']` na kawo gidan da aƙalla yaro ɗaya amsarsa ba eh ba ce, shi kuwa `//gida[not(yaro/rigakafi = 'eh')]` na kawo gidan da babu ko yaro ɗaya da ya samu. A ido kamar abu ɗaya, a fili kuwa bambancin gidan da aka tsallake yaro ɗaya ne da gidan da aka hana shiga ɗungurungum. Kuma yaron da babu `rigakafi` sam a ƙarƙashinsa cikin fayil, ta farkon ba za ta gan shi ba. Na biyu namu ne na Hausa: kalmar a'a tana da waƙafin sama a cikinta, kuma XPath 1.0 ba shi da dabarar kuɓutar da shi. In kika kewaye ta da waƙafi ɗai-ɗai, tambayar ta karye a tsakiya, sai kin kewaye ta da bibbiyu. Idan kin tarar da wani abu a nan, ki rubuta ki ajiye. Kada ki kai wa mutum kura-kurai uku a zama ɗaya.

To, mu dawo kan abin da ya hana ki barci. Kin lissafa mutum uku a wasiƙarki, Yaya da yayanki da manaja, duk kina auna yadda za su ji. Ni kuwa waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne matan nan biyu. Sun yi yawo a rana, sun yi sallama a ƙofofi, wataƙila wani maigidan ya kore su, sun cike fom daidai, sakamakonsu shi ne a kira su maƙaryata a riƙe musu haƙƙi. Kuɗin ma da sauƙi a kan sunan. A irin wannan aiki, wadda aka ce ta cike fom a inuwa ba a sake kiranta, kuma labari na yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan. Mun taso muna jin a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, nasu ya bushe tun watan jiya. Akwai kuma waɗanda ba ki ambata ba: yaran. Amfanin rahoton nan shi ne a san ƙofar da za a koma. Idan an tura masu komawa gidan farko su nemi yara 19, za su tarar da biyu ko uku su juya, sauran suna nan a gidajensu ba wanda ya san da su. Shawarar ƙawarki ta masu son zaman lafiya ce, na kuma fahimce ta, amma ba ke za ki biya kuɗin shirun ba. Shi ya sa ban ba ki zaɓin yin shiru ba, kuma ban ba ki wata guda ki yi tunani ba. Cikin wannan makon za a yi ta.

Gyaran ɓoye ma ki cire shi daga ranki, ko da yake na san dalilin da ya sa yake jan ki. In kika gyara shiru, rahoton gaba zai fito daidai, sai a ce ai tsoro ne ya sa matan suka shiryu, zargin ya tabbata a kansu har abada. Ranar da Yaya ya lura an taɓa masa shiri ba da saninsa ba kuwa, abin da kike gudu ya same ki ninki biyu, kuma a ranar kina da laifi na gaske.

Shi Yaya, ki sa kanki a matsayinsa na minti ɗaya. Ba kuskuren layi ne zai yi masa ciwo ba, wannan kowa na yi. Abin da zai yi masa nauyi shi ne ya riga ya furta hukunci a gaban mutane, ya ce ƙarya suka yi, yanzu sai ya janye. Duk yadda za ki rage masa nauyin wannan janyewar, ki yi, muddin gaskiya ba ta ragu ba. Hanya ta farko ita ce ya ji daga bakinki, shi kaɗai, kafin kowa. Ba a taron sashe ba, ba a zauren WhatsApp na ofis ba, ba kuma da yamma yana haramar tafiya ba. Ki same shi da safe, kwamfutarki a hannu, ki ce masa wani abu kamar haka: “Yaya, ina neman minti goma. Akwai abin da na gani game da sabon fom, na gwada amma ina so ka duba da idonka, ko ni ce ban fahimta ba.” Sai ki buɗe ɗan fayil ɗinki mai gida uku, ki bar shi ya danna da hannunsa. Kada ki ce ka yi kuskure, kada ki ce shirinka. Ki ce sabon fom ya zo da tsarin da shirin bai saba da shi ba, wanda kuwa gaskiya ce tsantsa. Mutumin da ya iya rubuta shirin nan, da ya ga yara shida a gida 101, zai gane kafin ki rufe baki. In ya rigaye ki faɗin gyaran, ki bar masa.

Wannan ba munafunci ba ne, kada ki ji kamar kin ƙasƙantar da kanki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma yadda aka faɗe shi ne ke sa mai kaya ya gyara ko ya yi fushi. Ladabin yana cikin murya da wuri da lokaci. Abin da ba za ki sassauta ba shi ne magana ta biyu, wadda dole ta fito a zaman nan: “Yaya, to matan nan fa? Tunda bayanansu daidai ne.” In ba ki faɗe ta ba, zai iya gyara layin ya yi shiru, ba don mugunta ba, don kunya. Ki roƙe shi abu uku a fili: a sake fitar da rahoton layukan da abin ya shafa, a sanar da masu komawa gidaje, a saki kuɗin matan a kuma gaya musu an gano ba laifinsu ba ne. Ki ba shi dama ya kai wa manaja da kansa. Shugaban da ya je ya ce mun gano matsala a sashenmu mun gyara, girma yake ƙarawa, ki nuna masa wannan ƙofar.

Wataƙila ki ce to ni fa, wahalata ta tafi a banza ke nan? Ina ganin a wannan karon ki bar yabon ya bi ta inda ya ga dama. Idan mutumin kirki ne, zai ambace ki, kuma daga ranar zai riƙa kiran ki ki duba masa aiki. Idan bai ambace ki ba, kin koyi wani abu game da shi da araha. Amma ki yi wa kanki abu ɗaya: bayan kun rabu, ki tura masa ɗan gajeren saƙon imel, na godiya da taƙaita abin da kuka gani da abin da aka ce za a yi, ki haɗa da ɗan fayil ɗin gwajin. Ba tarko kike ɗana masa ba, haka ake aiki, kuma ranar da aka tambayi yaushe aka gano, akwai amsa a rubuce.

Idan kuma ya ƙi fa? Zai iya hawa sama, ya ce shekara biyu shirin na aiki, yaushe kika zo. Kada ki yi musu, kada ki yi kuka a gabansa in kin iya. Ki ce, “Gaskiya ne Yaya, a tsohon fom daidai yake. Na bar maka fayil ɗin, ka duba in ka samu sarari.” Ki fita. Mutane da yawa a gaban ido suke ƙi, su kaɗaita su duba su dawo kamar ba a yi ba, ki bar masa wannan hanyar a buɗe. Ki ba shi kwana biyu. In sun wuce ba motsi, ki koma ki gaya masa kai tsaye cewa ba za ki iya riƙe wannan ba alhali ana shirin sallamar mutane, kina so ku je wurin manaja tare, in kuma ba zai je ba za ki je ki nuna gwajin. Cin amana shi ne ki zagaya ta bayansa. Wanda aka gaya wa gaba da gaba, aka ba shi lokaci, aka ce zo mu je tare, ba a ci amanarsa ba, ko da ya ce an ci. A gaban manaja kuma ki tsaya kan fayil da lambobi, kada ki yi sharhi kan halin kowa.

Ba zan ɓoye miki ba, wannan hanya ta biyu tana iya sanyaya tsakaninku na wani lokaci, har ta taɓa jin daɗin aikinki. Ina ganin da wuya a kai can, don hujjar a bayyane take kuma gyaran bai zubar da mutuncin kowa ba. Amma gara ki shiga kin san farashin.

Game da yayanki, kada ki kai masa maganar yanzu. Da zarar ta shiga gida ta tashi daga batun layi ɗaya a shiri ta koma batun abota da alheri da butulci, kuma a wannan kotun ba a karɓar fayil mai gida uku a matsayin shaida. Idan Yaya ne ya kai ƙara, to ki zauna da yayanki ki ba shi labarin matan, ba labarin XPath ba. Ki tambaye shi, da ƙanwarsa ce aka riƙe wa kuɗi a kan laifin da ba ta yi ba, wani kuma ya sani ya yi shiru, me zai ce da shi? Ki kuma tuna abin da ya sa aka kawo ki aikin. Wanda ya koya miki buɗe fayil ki duba da idonki, abin da ya koya miki ne kika yi.

Ita kuwa baiwar Allah da ta kira ki tana kuka, ki kira ta, amma ki auna kalamanki. Kada ki ce mata Yaya ne ya yi kuskure, kada ki yi mata alkawarin ranar biya, ba a hannunki yake ba. Ki ce mata ana sake duba bayanan, ta adana duk abin da ke wayarta, kada ta goge komai, kada kuma ta sa hannu a wata takardar amsa laifi. In kin gaya mata fiye da haka, kafin azahar ofis ya ɗauka, Yaya ya ji a bakin wasu, duk shirin da muka yi ya rushe. Haka nan fayilolin gaske, masu sunayen yara da lambobin gidajen mutane, kada ki tura wa kowa a waje don neman tabbaci, har ni. Na ƙaryar nan ya ishe ki.

Idan komai ya daidaita, ki ba da shawarar ɗan fayil ɗinki ya zauna tare da shirin, a ƙara masa gidan da ba yara da yaron da ba a cike masa amsa ba, duk sanda aka sauya fom a fara ba shirin shi kafin a ba shi aikin mutane. Yau da daddare ki haɗa gida ukun nan, ki gwada sau biyu, ki rufe kwamfuta ki kwanta. Ki rubuto mini bayan kun zauna, ina so in ji ko an biya matan.